Jarumi Shi Kaɗai: Tarihin Fim ɗin Garkuwa da Mutane, Daga Entebbe Zuwa Kwatano da Yamai

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a kan benci a gidan kallo, a Zangon Kwatano ne ko a Agla ko a Fagge ta Kano, ya san irin fim ɗin da za a tattauna a nan. Wasu mutane ɗauke da bindigogi sun mamaye dogon bene ko jirgin sama, sun tara jama'a wuri guda, sun ba gwamnati wa'adi. 'Yan sanda sun zo sun yi cirko-cirko a waje, sun rasa ta inda za su ɓullo wa al'amarin. Can cikin rufin ginin kuwa akwai wani mutum guda wanda maharan ba su san da zamansa ba. Kafin fim ya ƙare zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ya bar babbansu, wanda 'yan kallo ke kira bos, sai daga ƙarshe. Yaran da ke zaune a sahun gaba sun san dokar tun kafin a fara: jarumi ba ya mutuwa.

Wannan maƙala za ta bibiyi tarihin wannan nau'in fim, ta nuna abubuwan da suka haife shi, sannan ta auna shi da abin da ya auku a zahiri a ƙasashen da Hausawa ke zaune. Abin da nazarin zai tabbatar shi ne, fim ya ari labarinsa daga tarihi, amma ya cire taron mutanen da suka yi aikin, ya bar mutum ɗaya. A yankinmu kuwa, waɗanda suka yarda cewa 'yan tsiraru masu makami za su iya gyara ƙasa cikin wuni guda, sau da yawa su ne maharan kansu.

Kalmar Garkuwa da Zubin Labarin

A asali garkuwa makamin kariya ce da ake yi da fata mai kauri, wadda mayaƙi ke tare mashi da kibiya da ita. Daga nan aka samo sarautar Garkuwa, wato mai kare gari ko masarauta. Idan aka ce an yi garkuwa da mutum, ma'anar ita ce an sanya shi tsakanin mai laifi da makamin hukuma, ya zama abin tare kibiya. Kalmar fansa ita ma tsohuwa ce, domin tun zamanin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 dangi kan tara dukiya su fanso nasu da aka kama. Saboda haka harshen ya tanadi kalmomin tun kafin a ƙera jirgin sama.

Zubin wannan fim ya ginu a kan abubuwa biyar. Akwai rufaffen wuri da ba a shiga, ba a fita. Akwai bos mai wayo da sanyin murya. Akwai kamammu, waɗanda galibi aikinsu kuka ne da jira. Akwai hukuma mai nauyin jiki wadda kullum shawararta kuskure ce. Sannan akwai tauraro, wanda ƙaddara ce ta kawo shi wurin, kuma yawanci matarsa ko 'yarsa tana cikin kamammun. Wa'adin da maharan suka bayar shi ke riƙe numfashin mai kallo.

Asalin Labarin: Shekarun 1970

A watan Satumba na 1970 wata ƙungiyar Falasɗinawa ta karkatar da jiragen fasinja zuwa wani fili a hamadar Jodan, ta kwashe mutanen ciki, ta tarwatsa jiragen a gaban masu ɗaukar hoto. Bayan shekara biyu, ranar 5 ga Satumba 1972, aka yi garkuwa da 'yan wasan Isra'ila a gasar Olamfik ta birnin Munich. Yunƙurin ceton da 'yan sandan Jamus ta Yamma suka yi ya wargaje, mutum 11 na tawagar Isra'ila suka rasa rayukansu. Duniya ta bi al'amarin ta talabijin, kuma daga nan ƙasashe suka shiga kafa rundunoni na musamman domin ceto: Jamus ta kafa GSG 9, Faransa ta kafa GIGN.

Abin da ya fi ba masu shirya fim abin faɗa a Afirka ya faru. Ranar 27 ga Yuni 1976 aka sace jirgin Air France da ya taso daga Tel Aviv zuwa Faris bayan ya yada zango a Atina, aka kai shi filin jirgin Entebbe na Yuganda, inda Idi Amin ke mulki. Mako guda bayan haka, cikin daren 3 zuwa 4 ga Yuli, sojojin Isra'ila kimanin 100 suka yi tafiyar kusan kilomita 4,000, suka dira a filin, suka kuɓutar da mutum 102. Kwamandan masu farmakin, Yonatan Netanyahu, ya mutu, kamammu uku sun mutu a musayar wuta, haka kuma sojojin Yuganda aƙalla 20. Wata dattijuwa da aka kai asibiti a Kampala an kashe ta daga baya, kuma Amin ya huce haushinsa a kan mutanen Kenya mazauna Yuganda saboda ƙasarsu ta bar jiragen Isra'ila sun sha mai a Nairobi.

Ba a cika wata shida ba aka fitar da Victory at Entebbe a Disamba 1976, sai Raid on Entebbe da aka nuna a talabijin ɗin Amurka ranar 9 ga Janairu 1977. Waɗannan finafinai ba su da jarumi ɗaya tukuna, runduna ce ke aikin. Amma sun kafa ƙa'idar da ta ɗore: baƙi ƙwararru su sauko daga sama a filin jirgin wata ƙasar Afirka, sojojin ƙasar su zube kamar kara ba tare da an san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, jirgi ya tashi, fim ya ƙare. Abin da ya sami waɗanda aka bari a ƙasa ba ya cikin labarin.

Kwatano, 16 ga Janairu 1977

Kwana bakwai kacal bayan nuna wancan fim, mutanen Kwatano suka ga irinsa da idanunsu, sai dai su ne a ɓangaren da aka sauko wa. A lokacin Mathieu Kérékou ne ke mulki. Ya karɓi mulki ranar 26 ga Oktoba 1972, ya rungumi aƙidar gurguzu a 1974, ya kuma sauya sunan ƙasar daga Dahomey zuwa Jamhuriyar Jama'ar Benin a 1975. Wannan tafarki bai yi wa 'yan adawarsa da ke gudun hijira daɗi ba, haka ma wasu gwamnatocin waje.

Da safiyar Lahadi, 16 ga Janairu, wani jirgi ƙirar DC-7 ya sauka ba izini a filin jirgin saman Cadjèhoun. Cikinsa sojojin haya ne da ba su kai 100 ba, Turawa da 'yan Afirka, ƙarƙashin wani Bafaranshe mai suna Bob Denard. An horar da su a sansanin Benguerir na Maroko, suka biyo ta Gabon. Suka riƙe filin jirgin, suka nufi fadar shugaban ƙasa da nufin kifar da gwamnati kafin gari ya farga. Lissafinsu bai yi daidai ba. Masu gadin fadar suka tsaya kyam, sojoji suka ƙaro daga bariki, rediyo ta shiga kiran jama'a su fito su kare ƙasa. Bayan 'yan sa'o'i maharan suka ja da baya, suka hau jirginsu suka gudu. Saboda gaggawa suka bar ɗan'uwansu guda, wani ɗan ƙasar Gini, tare da akwatin takardu mai ɗauke da sunaye da bayanan shirin.

Waɗannan takardu su ne suka tona asirin komai. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya aika tawagar bincike a watan Fabrairu, sannan a watan Afrilu ya yi Allah wadai da harin a ƙudurinsa mai lamba 405. Benin ta yanke wa Denard hukuncin kisa ba ya nan, amma sai a 1993 wata kotun Faransa ta yanke masa ɗaurin shekara biyar na jeka ka gyara halinka a kan wannan hari. Sojoji da farar hula na Benin da suka mutu a ranar, an gina musu dandalin tunawa a Kwatano, wanda aka sani da Dandalin Shahidai.

Duk da haka, a shekarar da ta biyo baya, 1978, aka fitar da The Wild Geese, inda Richard Burton da Roger Moore suka fito a matsayin sojojin haya masu amana da suka je ceto wani shugaban Afirka da ke tsare. A Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata aka ɗauki fim ɗin, kuma Mike Hoare, wanda ya yi aikin sojan haya a Kwango, shi ne mai ba da shawara kan harkar yaƙi. A 1980 sai ga The Dogs of War, wanda aka ɗauko daga littafin Frederick Forsyth na 1974. A nan ɗalibi zai lura da darasi na farko: wanda ke riƙe da kyamara shi ke raba muƙamin jarumi da na bos. Mutumin da majigi ya ɗaura wa rawani, shi ne wanda Kwatano ta kora da harsashi.

Yadda Runduna Ta Koma Mutum Ɗaya

Ranar 4 ga Nuwamba 1979 ɗalibai suka mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran, aka tsare mutum 52 har kwana 444. Yunƙurin ceto na Afrilu 1980 ya ƙare a cikin hamada, inda jirgi mai saukar ungulu ya yi karo da jirgin dakon kaya, sojoji takwas suka mutu ba tare da an ko isa birnin ba. Sulhun da Aljeriya ta shiga tsakani ta ƙulla shi ya fito da kamammun ranar 20 ga Janairu 1981. A Yuni 1985 kuma aka sace jirgin TWA mai lamba 847 bayan tashinsa daga Atina, aka yi ta kai da komo da shi tsakanin Beirut da Aljas, aka kashe wani sojan ruwan Amurka. Bayan kwana 17, tattaunawa ce ta sako ragowar mutanen.

A cikin wancan jirgi akwai jarumtaka ta gaske, amma ba ta bindiga ba ce. Wata ma'aikaciyar jirgin, Uli Derickson, ta yi ta lallashin maharan da Jamusanci, ta shiga tsakaninsu da fasinjoji, har ta biya kuɗin man jirgin a Aljas da katinta na kanta lokacin da aka ƙi ba da mai sai da kuɗi. Da aka mayar da labarin fim a 1986 da sunan The Delta Force, sai aka sauya ƙarshensa: Chuck Norris ya shiga Beirut a kan babur mai harba roka ya kwaso kowa. Abin da siyasa ta kasa ba jama'ar Amurka, majigi ya ba su.

A 1988 John McTiernan ya fitar da Die Hard, wanda masu kallo a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, irin su Benin da Nijar, suka sani da Piège de cristal. Bruce Willis ya fito a matsayin John McClane, ɗan sandan New York da ya je Los Angeles ganin matarsa a jajibirin Kirsimeti, sai Hans Gruber da mutanensa suka mamaye benen da kamfaninta yake. McClane ba ƙato ba ne irin na Commando. Ba takalmi a ƙafarsa, daga shi sai singileti, yana jin tsoro, yana zubar da jini. Gruber kuwa da'awar siyasa kawai ya fake da ita, abin da ya kawo shi takardun kuɗi ne na dala miliyan 640. Wannan zubi ya karɓu ƙwarai, har aka yi ta sauya masa wuri: jirgin ruwan yaƙi a Under Siege da jirgin sama a Passenger 57, duka a 1992, motar bas a Speed a 1994, jirgin shugaban ƙasa a Air Force One a 1997. Zamanin ya zo daidai da yaɗuwar kaset ɗin bidiyo, shi ya sa finafinan suka shiga lunguna da gidajen kallo na Afirka ta Yamma.

Yamai, Oktoba 1993

Garkuwa da jirgi ta iso gida ne ta hanyar rikicin siyasar Nijeriya. Janar Ibrahim Babangida ya soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, wanda ake ganin Moshood Abiola ne ya lashe, sannan ya miƙa mulki ga gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan. Ranar 25 ga Oktoba wasu samari huɗu, da sunan wata ƙungiya mai da'awar ciyar da dimokuraɗiyya gaba, suka ƙwace jirgin Nigeria Airways ƙirar Airbus A310 da ya tashi daga Legas zuwa Abuja. Sun so a kai su Frankfurt ta Jamus, amma ƙarancin mai ya tilasta sauka a Yamai. Suka nemi a miƙa wa Abiola mulki, suka yi barazanar cinna wa jirgin wuta in ba a biya musu buƙata cikin sa'o'i 72 ba.

Duk sinadaran fim sun haɗu: rufaffen wuri, kamammu, wa'adi. Abu ɗaya ne babu, wato mutumin da ke ɓoye cikin rufi. Hukumomin Nijar, a zamanin Shugaba Mahamane Ousmane, suka ja zaren magana har aka sako mafi yawan fasinjojin rukuni-rukuni. Sai bayan kwana uku, da gajiya ta kama maharan, jami'an tsaro suka afka wa jirgin cikin dare. Rai ɗaya ya salwanta daga cikin ma'aikatan jirgin. Samarin suka shafe fiye da shekara tara a kurkukun Nijar. Abiola bai hau mulki ba, kuma ba a yi wata guda ba Janar Sani Abacha ya kawar da Shonekan ranar 17 ga Nuwamba. A 2024 aka fitar da fim ɗin Hijack '93 a kan wannan al'amari.

A wannan labari, waɗanda suka ɗauki kansu jarumai masu ceto ƙasa su ne samarin da suka ƙwace jirgin. Manufarsu ta sha bamban da ta Denard, domin shi haya aka ɗauke shi, su kuwa fushin zaɓe ne ya tunzura su. Amma lissafinsu ɗaya ne, wato mutum kaɗan da makami za su yi abin da miliyoyi suka kasa. Duka biyun a filin jirgi suka ƙare.

Sakkwato, Pendjari da Sauransu

Ranar 8 ga Maris 2012 sojojin Birtaniya na musamman da na Nijeriya suka kai farmaki wani gida a unguwar Mabera ta Sakkwato, domin ceto injiniyoyi biyu, ɗan Birtaniya da ɗan Italiya, da aka sace a Birnin Kebbi tun Mayun 2011. Kafin a kai gare su an kashe su. A Benin kuwa, ranar 1 ga Mayu 2019 aka sace Faransawa biyu masu yawon buɗe ido a gandun dajin Pendjari, aka kashe ɗan ƙasar da ke yi musu jagora. Sojojin Faransa sun kuɓutar da su a arewacin Burkina Faso cikin daren 9 zuwa 10 ga wata, tare da wasu mata biyu, 'yar Amurka da 'yar Koriya ta Kudu, amma sojoji biyu suka mutu a wurin. Ko ceton da ya yi nasara ba asarar kamamme, irin na Ba'amurken da aka sace a Massalata kusa da Birnin Ƙonni a Oktoba 2020, runduna guda ce da jirage da masu leƙen asiri suka yi shi.

Idan aka dubi 'yan gida, hoton ya fi fitowa fili. Daga cikin 'yan mata 276 da aka sace a Chibok ranar 14 ga Afrilu 2014, 57 da ƙafafunsu suka tsere. An sako 21 a Oktoba 2016 da 82 a Mayu 2017 ta hanyar tattaunawar da gwamnatin Suwizalan da ƙungiyar Red Cross suka taimaka a kai. Fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka sace ranar 28 ga Maris 2022, rukuninsu na ƙarshe bai fito ba sai a watan Oktoba. A cikin waɗannan watanni iyalai ne suka yi ta faɗi-tashi da zaman jira, abin da ba ya cika fim ɗin sa'a biyu.

Dalilin da Ya Sa Labarin Ya Karɓu

Bahaushe bai jira Amurka ta koya masa son jarumi ɗaya ba. Labarin Bayajida yana da wannan zubi: macijiya ta tare rijiyar Kusugu, ta hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, gari duka ya zama kamamme. Baƙo ya iso da dare, ya je shi kaɗai da takobinsa, ya sare kanta. Da gari ya waye wasu suka yi iƙirarin su ne suka kashe ta, har aka nemi kan macijiyar a matsayin shaida. Mai kallon da ya tashi da wannan labari ba zai ga McClane baƙo ba. Haka kuma wanda ya ga hukuma ta makara a lokacin da ake buƙatarta, dole ransa ya yi sanyi idan ya ga mutum ɗaya ya tsallake ta ya yi aikin.

Sai dai harshen da ya adana labarin Bayajida shi ne kuma ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Hausawa sun ajiye jarumi ɗaya a cikin labari, suka ajiye gayya a gona. Illar tana zuwa ne idan aka kasa bambance su, matashi ya ɗauka cewa mai bindiga shi ke warware matsala, mai haƙurin tattaunawa kuwa matsoraci ne.

Kammalawa

An ga yadda wannan nau'in fim ya tsiro daga garkuwar da aka yi da mutane a shekarun 1970, yadda ya fara da runduna a finafinan Entebbe, sannan ya tattara aikin a kan mutum ɗaya bayan abin da ya faru a Tehran da Beirut. An kuma ga cewa a Kwatano da Yamai da Sakkwato da Pendjari abin ya zo da wata siffa: tattaunawa mai tsawo, aikin taro, da mutuwar waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba. Ɗalibin da zai yi nazarin irin wannan fim, bayan ya fitar da jigo da zubi da taurari, yana da kyau ya ƙara tambayoyi biyu: su wane ne suka mutu ba a faɗi sunansu ba, kuma me ya faru da garin bayan jirgin jarumi ya tashi? Wanda ke Kwatano yana iya fara neman amsar a Dandalin Shahidai, wanda ba shi da nisa da filin jirgin da Denard ya sauka.